Akwatin Scrabble na Faransanci a ajin ƙaramar sakandare: abin da ya koyar da abin da ya bari

Ni malamin Faransanci ne a wata ƙaramar sakandare ta gwamnati a jihar Katsina, a garin da ba shi da nisa da iyakar Nijar, kuma shekara biyu ke nan ina amfani da akwatin wasan Scrabble na Faransanci, wato wasan haɗa kalmomi da haruffa, a azuzuwana. Abokan aiki da dama sun tambaye ni ko ya cancanci kuɗin da ake kashewa a kansa, kuma da yake amsar ba ta ƙarewa da e ko a'a, na ga ya dace in zauna in rubuta abin da idona ya gani dalla-dalla.

Abin da ya sa na neme shi tun farko shi ne mutuwar jikin ɗalibai. Tun a 1996 marigayi Janar Sani Abacha ya bayyana cewa Faransanci zai zama harshen hukuma na biyu a Najeriya, daga baya kuma tsarin ilimi na ƙasa ya sanya shi cikin darussan ƙaramar sakandare, amma abin da ke rubuce a takardar gwamnati daban, abin da ke zuciyar yaro daban. Yawancin ɗalibaina suna ɗaukar darasin a matsayin kaya da za su sauke da zarar sun gama aji uku. Wata rana wani yaro mai hankali, wanda mahaifinsa ke fatauci tsakanin Jibiya da Maraɗi, ya ce mini: "Malam, baba bai san Faransanci ko kalma ɗaya ba, kuma da Hausa yake cinikinsa a can." Gaskiya ya faɗa, ballantana yanzu da hukumomin Nijar suka ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a 2025, Faransanci ya koma harshen aiki. Na yi masa bayanin karatu a ƙasashen waje da aikin ƙungiyoyin duniya da kasuwancin Kwatano da Abijan, amma na san cewa alkawarin amfanin da zai zo bayan shekara goma ba ya tashin yaro ɗan shekara goma sha uku daga gyangyaɗi a darasin ƙarshe na ranar Laraba. Ina bukatar abin da zai sa ya so kalmar Faransanci a wannan sa'ar da muke ciki.

Wani ɗan'uwana ne ya sayo mini akwatin daga Yamai, kuma a nan gargaɗi na farko yake ga duk mai niyyar saye: wanda aka fi samu a shagunan Kano da Kaduna da Abuja na Ingilishi ne, kwalayensu kuma sun yi kama ƙwarai. A cikin nawa akwai allon wasa mai gidaje 225, wato 15 a tsaye 15 a kwance, da jakar yadi, da 'yan sanduna huɗu da ake jera haruffa a kansu, da haruffa 102, biyu daga ciki farare ne marasa rubutu waɗanda ke tsayawa a madadin kowane harafi amma ba su da maki. Kowane ɗan wasa yana zaro haruffa bakwai daga jaka ba tare da ya leƙa ba, ya haɗa kalma a kan allo ta yadda za ta sarƙe da wadda ke can, a tara makin haruffanta, a ninka idan ta faɗa a gidan ninki. Wanda ya ajiye haruffansa bakwai duka a lokaci ɗaya yana samun ƙarin maki 50. Wasan ya samo asali ne daga Amurka, inda wani mai zanen gine-gine, Alfred Butts, ya tsara shi a shekarun 1930 bayan ya zauna ya ƙirga yawan fitowar kowane harafi a shafukan jarida, sannan James Brunot ya raɗa masa sunan da muka sani a 1948.

Wannan ƙirgen na Butts shi ne ƙashin bayan wasan, shi ne kuma dalilin da ya sa akwatin Ingilishi ba zai yi aikin na Faransanci ba. Na Ingilishi haruffa 100 ne, E guda 12, S guda 4, U guda 4. Na Faransanci E guda 15 ne, S guda 6, U guda 6, domin harshen yana cin waɗannan haruffa kamar yadda Hausa ke cin A da K. Makin ma ya bambanta: K maki 5 take da shi a Ingilishi, W maki 4, amma a Faransanci K da W da X da Y da Z kowace maki 10 ne, J da Q kuma 8. Ranar da na buɗe akwatin a gaban aji, abin da ya fara ɗaukar hankalinsu ke nan. Yaran da suka saba rubuta kaka da kuka da kwakwa sun yi mamakin jin cewa K ɗaya ce tak a jakar, kuma tana cikin mafi tsada. Daga wannan mamakin na yi musu darasin da na daɗe ina yi ba sa riƙewa, wato cewa Faransanci da C da QU yake rubuta sautin da mu muke rubutawa da K. Kafin a ajiye kalma ko ɗaya a kan allo, jakar haruffan ta riga ta koyar da wani abu game da ƙirar harshen.

Gwajin farko bai yi kyau ba, kuma ya kamata duk malami ya san dalili. An tsara akwatin ne don mutum biyu zuwa huɗu, ni kuwa ajina ya haura sittin. Na zaɓi ɗalibai huɗu suka zauna a teburin malami, sauran suka kewaye su. Na gaba suna gani, na baya suna hawa benci, kafin minti goma rabin ajin ya koma hirarsa. Bayan haka wasan da aka saba yi yana ɗaukar sa'a guda ko fiye, darasinmu kuwa minti arba'in ne. Akwai kuma batun sa'a: wanda ya zaro wasula shida da baƙi ɗaya ba shi da abin yi komai iliminsa, yaro kuma da wuya ya yarda cewa an yi masa adalci idan ya ga na kusa da shi ya zaro haruffa masu daɗin haɗawa. Da a ce wannan hanyar kaɗai ake da ita, da na mayar da akwatin gida.

Abin da ya cece shi shi ne salon da masu magana da Faransanci suka fi amfani da shi a gasa, wanda suke kira duplicate. Wani lauya ɗan Beljiyam, Hippolyte Wouters, ya ƙirƙiro shi domin ya cire sa'a daga wasan. Alƙali ɗaya ne ke zaro haruffa bakwai ya sanar da kowa, duk 'yan wasa su yi aiki da haruffa iri ɗaya a kan allo iri ɗaya, a ba su minti uku, kowa ya rubuta kalmar da ya samo da makinta a 'yar takarda. Kalmar da ta fi maki ita ake ɗorawa a kan allo, amma kowa yana riƙe makin tasa kalmar. Akwai ma ƙa'idar cewa a zagaye goma sha biyar na farko dole haruffan da aka zaro su ƙunshi aƙalla wasula biyu da baƙaƙe biyu, in ba haka ba a mayar da su a sake zarowa. Da wannan salon ake cika manyan zaure da ɗaruruwan 'yan wasa a lokaci ɗaya, kuma Afirka ba baƙuwa ba ce a cikinsa, tunda Dakar ta karɓi baƙuncin gasar duniya ta Faransanci a 2008.

Da na fahimci wannan sai akwati ɗaya ya wadaci aji guda. Na zana allon a kan babban kwali na rataye shi a jikin bango, domin zana gidaje 225 da alli a kowane darasi yana cinye lokacin da ba mu da shi. Na raba ɗalibai rukuni goma, kowane rukuni da ƙamus ɗaya da takardun rubuta amsa. Ɗalibi ɗaya ke zaro haruffa daga jaka, ya faɗi sunan kowanne da Faransanci da ƙarfi, wanda hakan kansa maimaita abacada ne ba tare da an kira shi darasi ba, musamman E da I da G da J waɗanda sunayensu na Ingilishi ke rikita yara. Muna yin zagaye biyar ko shida a darasi ɗaya, ranar Juma'a, sau ɗaya a mako biyu, sannan in ajiye kwalin yadda yake har mu dawo.

Babban abin da wasan ya gyara shi ne rubutu. Yaron da ya tashi da rubutun Hausa na boko ya saba da cewa abin da kunne ya ji shi hannu ke rubutawa, Faransanci kuwa cike yake da haruffan da ake rubutawa ba a furtawa. Shekara da shekaru ina jan layi da jan biro a ƙarƙashin "bato" ina rubuta bateau a gefe, mako mai zuwa kuskuren ya dawo. A wasan, kalmar da aka rubuta ba daidai ba sifili take ci, rukunin gaba ɗaya ya yi asara, kuma ba malami ne ya hukunta su ba, ƙamus ne. Na ga yara suna gardama mai zafi a kan ko appeler P biyu take da shi ko L biyu, su buɗe ƙamus su duba da kansu, abin da ban taɓa iya sa su yi da umarni ba. Kafin ƙarshen zangon farko yawancinsu sun iya nemo kalma a ƙamus cikin sauri, alhali a da wasu ba su san cewa ana bin harafi na biyu da na uku ba bayan na farko.

Na biyu, wanda ya fi ba ni mamaki, shi ne sarrafa aikatau. A Scrabble na Faransanci an yarda da kowace siga ta aikatau, don haka kalma ɗaya a kan allo ƙofa ce ta kalmomi da yawa. Idan PARLE tana kwance, mai S zai mayar da ita PARLES, mai R ya yi PARLER, mai N da T ya yi PARLENT, mai Z ya yi PARLEZ. A kunne parle da parles da parlent duk ɗaya ne, shi ya sa jadawalin je da tu da ils, wato ni da kai da su, yake zame wa yara haddar da ba su ga amfaninta ba. Amma da suka gane cewa MANGE maki 7 ce, MANGEZ kuwa 17, kafin ma a shiga lissafin gidajen ninki, sai ɗafa-ƙeyar vous, wato "ku", ta zauna musu daram. Z ɗaya ce a jaka, kowa jiran fitowarta yake, kuma duk rukunin da ke son cin gajiyarta dole ya san aikatau da dama da zai liƙa mata. Haka X ta yi wa jam'in da ba na S ba. Ranar da haruffa suka ba da damar CHEVAUX, jam'in doki, rukuni ɗaya ne kawai ya gano ta: maki 24 na haruffa da 50 na ajiye bakwai duka. Wata yarinya ce ta gano, daga cikin waɗanda ke zama a layin baya ba sa ɗaga hannu ko sun san amsa. Tun daga ranar babu wanda ya sake rubuta mini "chevals" a wannan ajin, ita kuma yarinyar rukunoni suka shiga neman a sa ta cikinsu.

Wannan batun na masu shiru ya cancanci a tsaya a kansa. A ajin harshe, wanda ya fi bakin magana shi ke cin moriyar malami, mai kunya kuma, musamman 'yan mata a aji mai gauraye, yakan gwammace ya yi shiru da ya furta kalma ba daidai ba a yi masa dariya. Wasan ya buɗe wata hanyar nuna iyawa wadda ba ta bukatar tsayawa a gaban jama'a. Ana magana ƙasa-ƙasa a cikin rukuni, a rubuta a takarda, a miƙa. Na gano ɗalibai aƙalla biyar a azuzuwana da nake ɗauka raunana ne, ashe kalmomi suke tarawa a ka ba su da inda za su fitar da su.

Akwai kuma daɗin da yara ke ji idan suka tarar da duniyarsu a cikin harshen baƙi. Ƙamus ɗin da gasa ke dogaro da shi, L'Officiel du Scrabble na kamfanin Larousse, ya yarda da KOLA, wato goro, mai maki 13, da MIL, gero, da GOMBO, kuɓewa, da NAIRA, har da HAOUSSA, wadda haruffa bakwai ce cif. Yaron nan ɗan mai fatauci, wanda ya ce mini ba ya bukatar Faransanci, shi ne ya kawo CAHIER wata rana, ya ce a gidan kawunsa a Maraɗi "kaye" ake ce wa littafin rubutu. Daga nan muka shafe sauran darasin muna tono kalmomin Hausar Nijar da suka fito daga Faransanci, irin su lakwal daga l'école da mushe daga monsieur da kamyo daga camion, shi kuwa ya zama malamin ajin na wannan rana.

Sai dai wasan yana da giɓi, kuma giɓin ba ƙarami ba ne. Na farko shi ne alamomin saman wasali. Haruffan Scrabble manya ne zalla, ba su ɗauke da alama, ƙa'idar wasa kuma ta ce a yi watsi da ita. Don haka sale, mai dauɗa, da salé, mai gishiri, abu ɗaya ne a kan allo. Haka ou, wato "ko", da où, wato "ina". Haka parle da parlé, waɗanda ɗaya aiki ne da ake yi yanzu ɗaya kuma wanda ya wuce. 'Yar wutsiyar da ke ƙarƙashin C a garçon ita ma babu ita. Ga Bafaranshen da ya girma da harshen wannan ba komai ba ne, domin ya san inda alamar take ko ba a rubuta ba, amma ga mai koyo illa ce. Da na zo duba takardun jarrabawar zangon farko na ga rubutun haruffa ya inganta, alamomi kuwa sun ragu fiye da da. Da na koma aji sai na rubuta "kasa" da "ƙasa", "baki" da "baƙi" a kan allo, na tambaye su ko ɗaya ne. Suka ce a'a. Na ce to abin da lanƙwasa take yi mana shi alama ke yi wa Faransanci, kuma yadda rubutun waya ke sa mutanenmu zubar da lanƙwasa haka wannan wasa zai sa su zubar da alama idan ba su kula ba. Daga ranar na kafa doka cewa a takardar amsa dole a rubuta kalmar da ƙananan haruffa tare da alamominta, in an bar ɗaya a cire rabin maki.

Giɓi na biyu shi ne jinsi. Allon ba ya tambayar le ko la. Bahaushe yana da sa'a a nan fiye da mai Ingilishi, domin harshenmu ma yana raba sunaye namiji da mace, don haka tunanin ba baƙo ba ne; matsalar ita ce rabon bai zo ɗaya ba. Rana mace ce a wurinmu, le soleil namiji ne. Wata namiji ne, la lune mace ce. Kasuwa mace, le marché namiji. Yaron da ya koyi SOLEIL a kan allo ba tare da le ba, jinsin Hausa zai ɗora mata. Wannan ma da doka na toshe shi: duk sunan da aka kawo sai da le ko la a gabansa a takarda.

Na uku shi ne mafi girma, wato ma'ana. Ana iya cin wasan nan ba tare da an san abin da kalma take nufi ba, kuma ba zato nake yi ba. A 2015 wani ɗan ƙasar New Zealand, Nigel Richards, ya lashe gasar duniya ta Scrabble na Faransanci a Beljiyam alhali ba ya jin Faransanci. Ƙamus ɗin ya haddace cikin kimanin mako tara. Bajinta ce da ta girgiza masu wasan, amma ga malamin harshe gargaɗi ce, domin ta nuna ƙarara cewa ƙwarewa a Scrabble da iya harshe hanyoyi biyu ne da za su iya rabuwa. Na ga ƙaramin misalin haka a ajina. Wasu yara masu wayo suka gano gajerun kalmomin da ke kawo maki da yawa, irin su WU da XI da KA, waɗanda ƙa'ida ta yarda da su amma babu ranar da ɗalibin ƙaramar sakandare zai bukace su a magana. Rukuninsu ya shiga cin wasa da su, sauran suka fara kwaikwayo. Ban zarge su ba, tunda abin da wasan ke sakawa a kai suka bi. Sai na ƙara sharaɗi cewa kowace kalma a rubuta ma'anarta da Hausa ko Ingilishi, kalma mai harafi biyu kuma ba ta shiga sai mun taɓa haɗuwa da ita a darasi.

Furuci kuwa wasan bai san da shi ba sam. Ana iya gama zagaye shida ba a ji sautin Faransanci ba in ban da sunayen haruffa. Abin da nake yi shi ne rukunin da kalmarsa ta hau allo ya tashi mutum ɗaya ya furta ta ya sa ta cikin jimla, in jimlar ta yi daidai a ƙara musu maki biyar. Hakan ya taimaka, amma ba zan ce ya maye gurbin darasin sauraro da magana ba. Wasan aikin ido da hannu ne, kuma duk malamin da ya ba shi fiye da darasi ɗaya cikin huɗu zai samu ɗalibai masu kyan rubutu waɗanda ba za su iya tambayar hanya ba.

Wani abin da ban yi tsammani ba shi ne tambayar iyaye. Wani uba ya zo makaranta cikin ladabi ya ce ya ji ana yi wa yara wasa mai kama da caca a aji, da jaka da zaro abu a makance. Damuwarsa ta dace, kuma na ji daɗin zuwansa. Na ce masa: "Alhaji, ka zauna ka gani da idonka." Ya zauna a bayan aji ya ga cewa babu kuɗi, babu abin da ake sawa a ci ko a rasa, haruffa iri ɗaya kowa ke samu, wanda ya fi sani shi ke gaba. Na kuma gaya masa cewa Najeriya ta daɗe da amincewa da Scrabble a matsayin wasan gasa, kuma ɗan Najeriya, Wellington Jighere, shi ne ɗan Afirka na farko da ya zama zakaran duniya na Ingilishi, a birnin Perth na Ostireliya a 2015, har shugaban ƙasa na lokacin, marigayi Muhammadu Buhari, ya kira shi ya taya shi murna. Ya tafi da gamsuwa. Shawarata ga abokan aiki a yankinmu ita ce su sanar da shugaban makaranta da iyaye tun kafin su fara, su kuma zaɓi salon duplicate, wanda ya fi sauƙin karewa a gaban mai irin wannan tambaya.

Ta fuskar ƙarko, allon da haruffan sun jure shekara biyu na hannuwa da ƙurar hunturu ba tare da rubutunsu ya goge ba. Haɗarin da ke akwai shi ne ɓacewar harafi, domin ƙanana ne, kuma in Z ko Q ta faɗa ƙarƙashin benci aka share ta, lissafin wasan ya lalace. Nakan sa ɗalibai biyu su ƙirga su kafin a tashi: layi goma na goma-goma, biyu a gefe. Tsada kuwa akwai ta idan aka auna da albashin malami, kuma akwatin ba ya zuwa da ƙamus, wanda shi ne rabin aikin. Ƙamus na gasa bai zama dole ba a wannan mataki, ƙananan ƙamus na Faransanci da Ingilishi da ake sayarwa a shagunan littattafai sun isa, muddin kowane rukuni yana da nasa. Akwai manhajojin waya masu irin wannan wasa, amma a makarantar da ba a yarda ɗalibi ya shigo da waya ba, wutar lantarki kuma ba ta da tabbas, ba su shiga lissafina ba.

Ga mai tambaya ko ya saya, amsata ta dogara da ajinsa. Ga 'yan aji ɗaya a zangon farko bai dace ba, domin wanda bai tara kalmomi ɗari biyu ko uku ba zai zauna yana kallon haruffa bakwai ba abin da ya zo masa, wannan kuwa kashe gwiwa ne, akasin abin da ake nema. Daga tsakiyar aji biyu zuwa sama yana aiki sosai. Akwati ɗaya ya isa makaranta guda, ba a bukatar goma. Wanda kuma ba shi da halin saye zai iya yanka kwali gida 102 ya rubuta haruffa da makinsu bisa rabon Faransanci, zai samu mafi yawan amfanin, ko da yake na lura cewa yara suna girmama na ainihin fiye da na kwali, suna kuma rige-rigen zama mai zaro haruffa daga jakar. A wannan zangon na fara ba wa 'yan aji uku aron akwatin a lokacin hutun tara, da sharaɗin su kawo mini jerin kalmomin da suka ajiye tare da alamominsu da jinsinsu da ma'anarsu, daga wannan jerin kuma nake ɗauko kalmomin shiftar ranar Litinin.